kwàntēnā̀

kwàntēnā̀ *sn., mc.*, *jam.* kwantēnōnī, daga Ingilishi.

1. babban akwatin ƙarfe na jigilar kaya, ƙafa 20 ko 40: *an sauke ~r taki a Tambuwal.*

2. irinsa da aka mayar shago: *yana cajin waya a ~ a Fakku.*

3. *kwamf.* ƙunshin manhaja da duk bukatunta, mai aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta. Docker ya yaɗa ta daga 2013.

gungun kwantenoni: kwamfutoci masu raba kwantenoni tsakaninsu; Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, kan maye gurbin kwantenar da ta tsaya da wata.

layin tura ~: tsari, kamar na Jenkins, mai haɗa kowane gyara, ya gwada, ya ƙunsa, ya girka a gungu. In gwaji ya faɗi, ba a turawa.