Aikin binciken canjin yanayi da tattalin albarkatun ƙasa a Magarya da Dungas

Binciken canjin yanayi da tattalin albarkatun ƙasa sana'a ce ta masu auna ruwan sama, ƙarfin ƙasar noma, itatuwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa da wuraren kiwo, domin a gano abin da ke canzawa da kuma dabarar da za ta sa jama'a su ci gaba da cin abinci daga gonakinsu. A jahar Damagaram, gundumomin Magarya da Dungas na cikin wuraren da wannan aiki ya fi tasiri. A nan ne masana suka tabbatar da ɗaya daga cikin manyan nasarorin farfaɗo da ƙasa a yankin Sahel, nasarar da manoma suka cim ma da hannunsu tun kafin a zo a auna ta.

Yankin da ake magana a kai

Gundumomin biyu suna kudancin Damagaram, kan iyakar Najeriya, daura da jahohin Katsina da Jigawa. Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magarya. Ƙananan hukumominta huɗu ne: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Magarya kuwa tana da bakwai: Magarya, Bande, Dancawo, Kwaya, Sasumburum, Waca da Yekuwa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutane sama da 570,000 a Magarya da sama da 350,000 a Dungas, abin da ya sa yankin cikin mafi cunkoson karkarar Nijar.

Ana noma gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi a jigawa. A kwarin Korama, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa, ana noman rake, rogo da kayan lambu. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ba ta da tabbas: wata shekara shuka ta bushe bayan ruwan farko, wata shekara ambaliya ta cinye fadama. Gonaki suna ƙanƙancewa saboda rabon gado, hutar da gona kuma ta kusa ɓacewa. Waɗannan su ne tambayoyin da mai bincike ke tararwa a gabansa.

Binciken da ya fito da sunan yankin

Bayan farin 1973 da na 1984, gonaki da dama a kudancin Nijar sun zama fili fetal. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon itatuwan da ke fitowa da kansu a gona, suna zaɓar rassa kaɗan masu ƙarfi su sassabe sauran. Wannan dabara ita ce sassaben zamani, wadda takardun hukuma ke kira RNA. A jahar Maraɗi an yaɗa ta ne ta hanyar aikin Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, tun daga 1983. A Damagaram kuwa tana da tsohon tushe, domin tarihin baka ya adana labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimun ya tanadar wa mai sare gawo a ƙarni na 19.

A 2006, Mahamane Larwanou, masanin itatuwa ɗan Nijar, tare da M. Abdoulaye da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, sun wallafa rahoto a kan sassaben zamani a jahar Damagaram. Sun ƙiyasta cewa kusan hekta miliyon 1 ne itatuwa suka sake rufewa a Magarya, Matamaye da Mirya, yankin da masana ke kira 3M, wanda a lokacin ya haɗa da Dungas. Gray Tappan, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da na tauraron ɗan adam na shekarun 2000, sai aka ga itatuwa sun ƙaru duk da ƙaruwar jama'a. Daga baya aka ƙiyasta hekta miliyon 5 da itatuwa miliyon 200 a faɗin Nijar.

Gawo ne ya fi yawa a wannan yanki, kuma dalilin a bayyane yake. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da shuka ke buƙata, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani, dabbobin da ke hutawa a gindinsa kuma su bar taki.

Sakamakon irin wannan bincike ya kai har cikin doka. A da manomi na tsoron tarar ma'aikatan gandun daji ko da a kan itacen da ya raina a gonarsa. Bayan dokar gandun daji ta 2004, gwamnati ta fitar da ƙuduri a watan Yuli na 2020 wanda ya tsara sassaben zamani, ya kuma amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya tattala.

Rassan sana'ar

Masanin itatuwa da noma yana ƙidayar itatuwa a gona, ya auna kauri da tsawonsu, ya gwada amfanin geron da ke ƙarƙashin gawo da wanda ke nesa da shi. Masanin yanayi yana tattara alƙaluman ma'aunin ruwan sama, ya fassara hasashen damina zuwa shawarar lokacin shuka da irin da ya dace. Masanin ruwa yana bin hawa da saukar ruwan rijiyoyin Korama, da yashin da ke binne tafkuna. Masanin iri yana gwada gero da wake masu saurin nuna. Masanin ƙwari yana yaƙi da tsutsar zangarniyar gero. Aikin Ibrahim Baoua da abokan aikinsa a Maraɗi, na sakin wani ɗan ƙwaro da ke kashe tsutsar ba tare da feshin magani ba, misali ne sananne.

Akwai kuma masanan taswira da ke karanta hotunan tauraron ɗan adam a kwamfuta, da masanan zamantakewa da tattalin arziki da ke nazarin gado, jinginar gona, burtali, rikicin manoma da makiyaya, da rabon mata a cinikin itace da ganye. Wannan reshe na ƙarshe yana aiki kafaɗa da kafaɗa da kwamitocin filaye na COFO, waɗanda suka samo asali daga dokar tsarin karkara ta 1993.

Hanyar karatu

Ƙofar farko ita ce bakaloreya, galibi ta fannin kimiyya, ko da yake fannin adabi na kai ɗalibi ga ilimin ƙasa da zamantakewa. Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD: lisansi shekara 3, masta shekara 2, sannan digirin dokta aƙalla shekara 3.

Mafi kusa da ɗan Magarya ko Dungas ita ce Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010, mai sashen ilimin ƙasa da tsangayar kimiyya. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da tsangayar noma da kimiyyar muhalli. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta fi su daɗewa, tana da tsangayar noma da makarantun digirin dokta. Jami'ar Difa, da aka kafa a 2014, ta ba da ƙarfi ga muhalli. Wanda ke son aikin fili ba tare da dogon karatu ba yana iya shiga makarantar IPDR ta Kollo, mai horas da malaman gona, na kiwo da na gandun daji.

Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 a ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, tana horas da masanan yanayi, ruwa da kare amfanin gona daga ƙasashen Sahel. Shirin WASCAL, da ƙasar Jamus ke ɗaukar nauyinsa, yana ba da tallafin karatun masta da dokta kan canjin yanayi a jami'o'in Afirka ta Yamma, ciki har da ta Yamai. Shiga irin waɗannan shirye-shirye ta gasa ce, kuma Ingilishi na da amfani, domin yawancin mujallun kimiyya da shi ake wallafa su.

Wuraren aiki

Babbar cibiyar gwamnati ita ce INRAN, da aka kafa a 1975, mai reshe a Damagaram da Maraɗi. Akwai jami'o'i, inda malami ke haɗa koyarwa da bincike, ƙarin girmansa kuma ya bi ta hukumar CAMES bisa yawan abin da ya wallafa da ingancinsa. Akwai hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da ofisoshin muhalli, noma, kiwo da ruwa na jaha da gunduma, da majalisar CNEDD mai tsara manufofin muhalli tun 1996. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, tana binciken gero da gyaɗa, cibiyar LASDEL kuma tana binciken zamantakewa.

Sai furoje-furoje da ƙungiyoyi masu zaman kansu, irin su ProDAF, shirin da ya tallafa wa noman iyali a Maraɗi, Tawa da Damagaram. Ta nan ne matasa da yawa ke farawa, a matsayin masu tattara bayanai ko masu sa ido kan gonakin gwaji.

Yadda shekarar mai bincike take

Aikin yana bin kalandar manomi. Da bazara ake zaɓar gonakin gwaji, a ɗebi ƙasa a kai ɗakin awo, a kuma zauna da mai gari da masu gonaki. Da damina ake shuka da rubuta ruwan kowace rana. Da kaka ake auna damma da nauyin hatsi. Da rani ake ƙidayar itatuwa, awon rijiyoyi, lissafi da rubutu. Gwaji ɗaya kan ɗauki damina biyu ko uku kafin a amince da sakamakonsa, tunda shekara guda mai albarka ba ta isa hujja ba.

Ɗan yankin yana da fifikon da takarda ba ta bayarwa. Ya san bambancin jigawa, geza da fadama kamar yadda manomi ke faɗarsu, ya san sunayen itatuwa, ya san kuma yadda ake tambayar dattijo girman gonarsa ba tare da ya zaci maganar haraji ce ba. Mata masu bincike na da nasu fifikon, domin su ke iya shiga gida su ji abin da matan aure ke faɗa kan itacen girki, ganyen miya da gayauna.

Ƙalubalen sana'ar

Guraben dindindin a INRAN da jami'o'i kaɗan ne idan aka gwada da yawan masu kammala masta. Kuɗin bincike yawanci daga waje yake zuwa, kwangilar furoje kan ƙare bayan ƴan shekaru, kuma mai ba da kuɗi ne ke da babbar murya wajen zaɓar abin da za a bincika. Manyan ɗakunan awo suna Yamai, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Magarya. Rahotanni kuma da faransanci ko Ingilishi ake rubuta su, don haka manomin da aka auna gonarsa ba safai yake jin sakamakon ba, sai in an kai shi gidan rediyon karkara ko taron gari.

Abin da ke gaban sabbin masu bincike

Gawon da aka tattala a shekarun 1980 ya manyanta, ana buƙatar masu bin diddigin ko ƙanana na tasowa a madadinsa. Injinan ban ruwa na ƙaruwa a Korama, ana buƙatar masu auna abin da ake ja da abin da damina ke mayarwa. Satar itace da dare da datse rassa don dabbobi na rage wa manomi ƙwarin gwiwa, ana buƙatar masu nazarin yadda kwamitocin gari za su kare haƙƙin da ƙudurin 2020 ya ba shi ba tare da an toshe wa makiyayi hanya ba. Ɗalibin da ke neman batun kundin masta zai iya samun kowanne daga cikin ukun a ƙaramar hukumarsu.