Makarin da aka samo a jinin majinyata

A shekarar 1890, a birnin Balin na ƙasar Jamus, likita Emil von Behring da abokin aikinsa Bajapane, Kitasato, suka tabbatar da wata mas'ala wadda har gobe ake cin moriyarta, wato idan jikin dabba ya yi arba da dafin wata cuta ya rinjaye shi, akwai wani makari da ke wanzuwa cikin ruwan jininta, wanda in an ɗebo shi aka sa wa wani jikin sai ya zame masa kariya. Da wannan hikima aka karya lagon mashaƙo, kuma ko a annobarsa da ta addabi Kano a 2023, makarin da aka riƙa nema wa yara daga jinin dawaki ake samo shi.

Saboda haka, sa'ad da masanan Cibiyar Pasteur ta Faris suka gano ƙwayar cutar ƙanjamau a 1983, mutane da yawa sun zaci tsohuwar hanyar nan za ta fisshe su. Amma ita wannan ƙwaya hatsabibiya ce, domin tana lulluɓe bayanta da wani irin sukari wanda jiki ba ya ɗauka baƙo, kuma tana sauya kama a duk lokacin da ta hayayyafa, ta yadda kafin jiki ya gama haɗa makarin da ya dace da ita, ta riga ta zama wata aba dabam, tamkar ɓarawon da ke sake riga a kowace kasuwa alhali masu bin sawunsa suna ta cigiyar rigar jiya. A 1994 Dennis Burton da jama'arsa a Kalifoniya suka bayyana wani makari mai suna b12 wanda ke kama nau'o'i da dama, sai dai ƙarfinsa bai kai ba, aka kuwa shafe shekara goma sha biyar ana laluben wanda ya fi shi.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne lura da cewa, cikin waɗanda suka daɗe ɗauke da ƙwayar, akwai wasu 'yan kaɗan da jikinsu, bayan shekaru yana fafatawa, yakan kai ga haɗa makari mai faɗin aiki, wanda ke cafke ƙwayar a gurbin da ba ta iya sauyawa ba tare da ta nakasa kanta ba. Abin tausayi a nan, makarin ba ya warkar da mai shi, domin ƙwayar da ke jikinsa ta riga ta koyi zille masa. Amfaninsa na waninsa ne. Ƙungiyar IAVI ta tattara jinin mutum wajen 1,800 daga nahiyoyi dabam-dabam, a 2009 aka fitar da PG9 da PG16 daga jinin wani mutumin Afirka, shekara na zagayowa kuma masanan gwamnatin Amurka suka fito da VRC01, wanda a ɗakin gwaji ya daƙile kimanin kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in da aka gwada shi a kansu. Ɗaya daga cikin mafi ƙarfinsu duka daga jinin wata mata ta lardin KwaZulu-Natal aka samo shi, wadda littattafan ilimi ba su san ta da komai ba sai lamba, CAP256. Malaman hadisi sun koya mana girmama na farkon isnadi, ni kuwa duk lokacin da na ga lambar nan sai in tuna akwai baiwar Allah a bayanta, wadda aka sakaya sunanta domin sutura, ta yi shekaru tana miƙa hannu ana ɗibar jininta.

Babbar jarrabawa ta zo a 2016, da aka soma gwajin AMP na makarin VRC01 da mutum fiye da 4,600, cikinsu har da mata kusan 1,900 daga ƙasashe bakwai na kudanci da gabashin Afirka. Kowane mako takwas mace za ta bar sana'arta ta zo asibiti, a ɗaura mata ƙarin ruwa ta zauna har ya ƙare, sau goma ke nan cikin kimanin shekara ɗaya da rabi. Da sakamako ya fito a 2021, a dunƙule VRC01 bai hana kamuwa ba. Sai dai da aka yi tahƙiƙi aka rarrabe ƙwayoyin, sai aka ga ya rage kamuwa da kimanin kashi 75 cikin ɗari a kan nau'o'in da ke jin sa, illa dai su ne marasa rinjaye a gari. A ganina wannan faɗuwa ta fi nasarori da yawa albarka, domin ita ce hujja ta farko cewa makari na iya tsare ɗan Adam daga ƙanjamau, kuma ita ta nuna cewa guda ɗaya ba ya isa, sai an gama biyu ko uku.

Daga nan himma ta koma ga tsawaita zaman makarin a jiki. Da aka yi wa ƙirarsa ɗan gyara a gurbi biyu kacal, VRC01 da rabinsa ke ɓacewa cikin mako biyu sai ya koma yana haura wata biyu, har aka fara maganar allura sau biyu a shekara. A wannan fage maganin lenacapavir, wanda ba makarin jini ba ne, ya riga su isa, tun da a gwajin 2024 babu ko ɗaya da ta kamu cikin mata fiye da 2,000 da aka yi wa allurarsa a Afirka ta Kudu da Yuganda. Yanzu kuma ana gwada haɗa shi da makari biyu domin jinyar masu ɗauke da ƙwayar. Mu a Nijeriya akwai abin da ya wajaba mu sa wa ido, domin nau'o'in da suka fi yawa a Afirka ta Yamma sun bambanta da na kudancin nahiyar inda aka yi akasarin gwaje-gwajen.

Labarin da ya fi taɓa ni na Botswana ne. Duk uwar da ta taɓa riƙe haɓar jariri tana ɗura masa magani mai ɗaci safe da yamma, yana tofarwa tana sake aunawa, ta san nauyin abin. A can aka ɗauki yara 25 masu ɗauke da ƙwayar waɗanda aka soma ba su magani tun makon farko na haihuwa, aka dakatar da shan na kullum, aka koma sa musu makari biyu sau ɗaya a wata. Goma sha huɗu sun koma kan maganinsu da ƙwayar ta sake ɗagowa, goma sha ɗaya kuwa suka cika mako 24 ba ta motsa ba.