Yadda Aka Zana Talauci a Taswirar Shikago

A birnin Shikago na Amurka, yawan talauci a cikin baƙaƙen fata ya kusan ninka na fararen fata sau uku. Masu saurin yanke hukunci kan ce lalaci ne. Tarihin gidajen birnin ya ƙaryata su.

A 1910 baƙaƙen fatan birnin kimanin 44,000 ne. Daga nan suka yi ta kwararowa daga jihohin kudu, suna gudun wariya da kisan gilla, suna neman aiki a mayanka da masana'antun ƙarfe. Kafin 1970 ta wuce sun haura miliyan ɗaya. Aiki kam ya samu, wurin zama ne ya gagara. Masu gidaje fararen fata suka riƙa ƙulla yarjejeniya cewa ba mai sayar wa baƙar fata gida, aka cunkushe su a wani siririn yanki na kudancin birnin.

Babbar illa ta zo a shekarun 1930, da wata hukumar gwamnatin tarayya ta shafa wa unguwanninsu jan launi a taswira, wai ba da rance a can kasada ce. Bankuna suka juya musu baya, kasuwar dillalai ta buɗe. Dillali ya sayi gida da araha, ya sayar wa baƙar fata da tsadar gaske, biya kashi-kashi, takardar gida kuwa tana hannunsa har a gama. Ka kasa biyan wata ɗaya, a fitar da kai, duk abin da ka zuba ya bi ruwa, gobe a sayar wa wani. Haka aka tatse iyalai a unguwar North Lawndale har suka kafa ƙungiyar kare kansu a 1968. A daidai lokacin farar fata na karɓar rance mai sauƙi, gidansa na ƙara daraja, 'ya'yansa na gada. Wannan zalunci ne, kuma da sanin hukuma aka yi shi.

Ɗan fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata Martin Luther King ya jagoranci zanga-zangar gidaje a birnin a 1966, aka jefe shi da dutse. Dokar hana wariya a harkar gidaje ta zo a 1968, amma a makare, domin ayyukan da suka kawo su birnin sun soma ƙarewa: babbar mayankar birnin ta rufe a 1971, masana'antar ƙarfe ta South Works ta bi sahu a 1992.

Illar ba ta tsaya nan ba: wani binciken Jami'ar New York na 2019 ya nuna matsakaicin tsawon rai a unguwar masu hali ta Streeterville shekara 90 ne, a Englewood ta baƙaƙen fata kuwa 60.