Iya ungozoma da aikin lafiya a Kadawa

Ruwan Tiga ne ya tara mana aiki. Da aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya ratsa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, aka shiga noman rani gadan-gadan: alkama, tumatir, daga baya shinkafa. Arziki ya zo, amma da 'yan rakiya. Sauron da a da yake tafiya da damina ya samu wurin zama har rani, yara maza masu wanka a kanal kuma suka fara fitsarin jini. Tsargiya ce, daga ƙananan dodon koɗi na bakin ruwa, amma iyaye da yawa suka ɗauke ta alamar balaga.

Mu da muka fito daga makarantar koyon aikin lafiya a ƙarshen shekarun 1980, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, mun zo da katin awo da allurar rigakafi da darasin ruwan gishiri da sukari. Hanyar wuce zaure ce ba mu da ita. Farar riga ba ta buɗe gidan kulle. Wadda ta shigar da mu wata ungozoma ce da muke kira Iya, Allah Ya jiƙanta.

Ba ta yi boko ba. Tana rainon nata 'ya'yan, ga marayun ƙanwarta, amma in aka buga ƙofa da tsakar dare, sai ta goya autanta ta ɗauki fitila. Da muka nuna mata cewa tsohuwar reza da toka a cibiya su ke jawo sandarewar jarirai, ba ta yi musu ba. Daga ranar kullum da sabuwar reza a takardarta, ƙulle a haɓar zaninta.

A kan wankan jego ne muka sha daga. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta kunun kanwa da tafasasshen ruwa da kumburi da ciwon zuciya ga masu jego. Ni faɗa nake yi. Ita kuwa ta ce, "'Yar nan, kakar jariri ba a kayar da ita a gaban surukarta." Sai ta sirka ruwan da kanta, ta rage kanwar a ɓoye, tsohuwa ta tafi da girmanta. Har yau ban ga littafin da ya koyar da wannan ba.

Da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, aka dawo da shi a Yulin 2004, jikanta ta fara ɗiga wa a tsakar gida, mata na kallo. Ko a Fabrairun 2013 da aka harbe mata tara masu rigakafi a birnin Kano, ba ta fasa rakiyarmu ba, alhali mu masu albashi gwiwarmu ta yi sanyi. Daga Yulin 2014, bayan wani yaro a Sumaila, cutar ta asali ba ta sake kama kowa a jihar ba.

Tsarin yanzu shi ne ungozoma ta daina karɓar haihuwa a ɗaki, ta raka mai naƙuda asibiti. Na yarda da shi, domin jijjiga da zubar jini sun fi ƙarfin ɗaki. Sai dai ba a faɗi wanda zai biya kuɗin mota ba. Iya ta sha biya da cinikin daddawarta, kuma waɗanda suka gaje ta haka suke yi.