Shigar jajayen shanu a arewacin Adar: abin da tarihin barewar ƙanƙara ke koya mana

Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna son mu duba yadda sabon kiwo ke kafuwa a ƙasar da ba ta san shi ba. Za mu gwama misali biyu: barewar ƙanƙara, wadda Faransawa ke kira renne, da hukuma ta kai arewacin Amurka, da jajayen shanun Bororo da suka shigo arewacin Adar da Azawak.

1. Garken da hukuma ta kai

A 1892 wani ɗan mishan, Sheldon Jackson, ya sa aka tsallako da bareyi 171 daga Sibiriya zuwa Alaska, bisa hujjar cewa farauta ta daina ciyar da mutanen gaɓar teku. Da yake waɗannan mafarauta ne, sai da aka ɗauko makiyaya Sami daga Norwe a 1894 da 1898 don su koya musu kiwo. Garke ya hayayyafa har ya haura 600.000 a farkon shekarun 1930, amma babban rabo ya faɗa hannun ƴan kasuwa Turawa, musamman gidan Lomen. A 1937 doka ta keɓe mallakar bareyin ga ƴan ƙasa. Duk da haka, kafin 1950 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba: makiyaya ta gaji, tsaro ya yi sakaci, da yawa sun bi ƴan uwansu na daji.

2. Garken da ya zo da masu shi

A arewacin Adar hukuma ba ta kawo saniya ko ɗaya ba. Tun farkon ƙarni na 20 Woɗaaɓe suka riƙa gusowa daga wajen Sakkwato, suna gudun jangali da matsin gonaki, kamar yadda Marguerite Dupire ta nuna a 1962. Sun zo da shanu masu dogon ƙaho da juriyar tafiya, tare da sanin kiwonsu. Sun tarar da Abzinawa da shanunsu na Azawak, masu nono, da kuma rijiyoyin da ke da masu su. Ruwa sai da yardar mai rijiya, wannan kuwa shi ke iyakance yawan dabbobi.

Hukuma ta shigo ne ta fuskar ruwa da ƙasa. A 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, aka kuma gina tasoshin famfo da kowa ke iya shayarwa. Dabbobi suka taru inda a da ba su iya daɗewa. Garuruwan manoma irin su Affala, arewa da Tawa, suka samu kansu tsakanin gonar gero mai hawa arewa da garken da ke gangarowa kudu bayan damina.

3. Bayan fari

Farin 1973 da na 1984 sun rusa garkuna. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin hayayyafar dabbobi, irin ta Ibesetan a jihar Tawa. Amma makiyayi da yawa ya farfaɗo ne ta hanyar habbanaye: a ba shi aron karsana, ya riƙe ƴaƴan da ta fara haifa, ya mayar da uwa. Wanda bai samu ba ya koma kiwon shanun attajiran birni, abin da ke tuna mana zamanin Lomen.

Kammalawa

A ganinmu, kawo dabba shi ne mafi sauƙin aiki. Ɗorewarta na rataye ga abu uku: wa ya iya kiwonta, wa ya mallake ta, wa ke da iko da ruwa. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 sun taɓo na uku. Na biyu, wato mallaka, shi ne ya kamata binciken gaba ya bi garke garke a arewacin Adar.