Ranar da Nokia ta saki reshe

Mai sauraro, ka tuna lokacin da Nokia ce wayar kowa, daga Jibiya har Maraɗi? To, manhajar da ke tafiyar da waya ce ta kayar da ita. Kamfanin Google ya sayi Android a 2005, ya riƙa bai wa masu ƙera waya kyauta, yana cin riba ta talla. A 2011 Nokia ta saki tata, Symbian, ta kama Windows na Microsoft. Masu rubuta manhajoji suka ƙi bin ta. Kasuwar da ba 'yan tireda, wa zai ci? Microsoft ya saye sashen wayoyin a 2014, bayan shekara guda ya bayyana asarar dala biliyan 7.6. Tecno ɗin da ke aljihunka, Android ce a cikinta.