Shingen NF-κB da Taurin Kan Ƙwayoyin Sankarar Ƙoda ga Intafiron-gama

Gabatarwa

Sankarar ƙoda tana cikin cututtukan dajin da garkuwar jiki ke ganewa, shi ya sa tun 1992 hukumar FDA ta Amurka ta amince da intalukin-2 wajen maganinta. Sai dai a 1998 Gleave da abokan aikinsa a Kanada suka gwada intafiron-gama ga majiyyatan da cutar ta bazu a jikinsu. Kashi 4.4 cikin ɗari ne suka samu sauƙi, alhali a rukunin da aka ba maganin bogi an samu 6.6. Da yawa sun ɗauka magana ta ƙare: intafiron-gama ba ya kashe ƙwayar sankarar ƙoda. Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba. Saƙon mutuwa yana isa ƙwayar, a cikinta ne ake tare shi.

Hanyar Bincike

An sake nazarin gwaje-gwajen da aka wallafa kan ƙwayoyin sankarar ƙodar ɗan Adam da ake renonsu a ɗakin gwaji, aka auna su da sakamakon asibiti.

Abin da Aka Gano

A yawancin masu nau'in sankarar ƙodar da ya fi yawa, ƙwayar gado ta VHL da ke kan kuromosom na 3 ta lalace. Hankalin masana ya fi karkata ga tarin furotin HIF da wannan ke haifarwa, amma rashin VHL yana kuma ƙara ƙarfin furotin NF-κB, wanda aikinsa kare ƙwaya daga mutuwa. Shi ke kunna furotin c-FLIP, mai hana kasfes-8 aikinsa na kashe ƙwaya ko da saƙonnin mutuwa irin su TRAIL ko TNF sun kama mazauninsu a fatar ƙwayar.

Hujja mafi ƙarfi ta fito a 2013 daga ɗakin gwajin Balachandran a cibiyar Fox Chase da ke Filadelfiya. Thapa da abokan aikinsa sun danne NF-κB da maganin bortezomib, sannan suka zuba intafiron-gama. Ƙwayoyin da a da ba sa ko gezau suka mutu. Yadda suka mutu ya fi jan hankali: ba su bi sananniyar hanyar kasfes ba, kumbura suka yi suka fashe, kuma furotin RIP1 ne ya ja ragamar. Ƙwayar da ta toshe hanyar farko tana da ta biyu ke nan. Mutuwar fashewa kuwa tana zubar da kayan cikin ƙwaya, abin da kan ƙara tunzura garkuwar jiki. A ganinmu, gwajin 1998 bai auna ƙarfin intafiron-gama ba, ƙarfin shingen NF-κB ya auna.

Iyakoki

Dole dai a faɗa: kwanon gwaji ba jikin mutum ba ne. Bortezomib yana toshe injin niƙa furotin na cikin ƙwaya baki ɗaya, don haka ba NF-κB kaɗai yake taɓawa ba, kuma da aka gwada shi shi kaɗai ga masu wannan cuta bai taɓuka abin kirki ba. Mai danne NF-κB kai tsaye ne zai iya raba gardamar.